Ƙullin Kunnen Zomo

Masu karatu, yau ba ni da fara'ar gaishe ku, ku yi min afuwa. Akwai waɗanda suka cika min waya da cewa in daina jan aji, wai mace ta samu saurayi mai mota da haƙuri irin Illo, me kuma take nema. Na ji ku. Ku karanta abin da ya faru yau Alhamis, in kun gama sai ku sake ba ni shawarar.

Saboda wanda yau ya fara bina: sunana Zahara'u, shekarata ashirin da huɗu, a Madarumfa aka yanke min cibiya. Babana, Malam Ilyasu, masunci ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyar masuntan unguwarmu. Ni kuma ina aiki a masaukin baƙi na Hajiya Zulai da ke bakin tabki, ɗakuna takwas da rumfar cin abinci. Baƙinmu 'yan Yamai ne da 'yan Maraɗi, da masu ziyarar kaburburan waliyyai, wani lokaci har da masu zuwa da madubin hangen nesa su wuni suna kallon tsuntsaye, sai ka ce ba su da aikin yi a garinsu.

Aikina karɓar kaya. Duk abin da zai shiga tukunyar masaukin nan sai ya bi ta hannuna. Wani kamfani ne a Yamai yake turo mana yawancin baƙi, kuma da sharaɗi yake turo su. Sharaɗin yana rubuce a allo jikin bangon rumfa, Faransanci a sama, Hausa a ƙasa: tumatir da salati daga lambun matan gari, ba leda sai kwandon kaba, ba icen da aka saro daga daji, kifi daga hannun masuntan ƙungiya. In kuwa an rufe tabki, ko ƙaya ɗaya ta kifinsa ba za ta shiga madafarmu ba.

Rufe tabkin nan Baba ne ya kawo shi. Shekara uku yana bin mutane gida gida, yana nuna musu yadda karfasar da a da take cika tafin hannu biyu ta koma kamar yatsu uku. Da ƙyar aka yarda a bar ruwan ya huta wata uku da damina, kifi ya yi ƙwai. Ranar da aka tsayar da magana, Baba ya miƙe a ƙofar masallacin Juma'a ya ce duk wanda aka kama da kifin tabki cikin watannin nan, a karɓe tarunsa da kwalekwalensa, a cire shi daga ƙungiya, ko da shi ne da kansa. Har yau akwai mutanen da ba sa amsa sallamarsa saboda wannan. Ku riƙe wannan a ranku, akwai masu jiran ranar da ƙafarsa za ta zame.

Sai Illo. Ɗan kasuwa ne, yana da farar mota mai buɗaɗɗen baya, yana bin hanyar Jibiya da Maraɗi. Wata takwas ke nan yana zuwa gidanmu zance. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, shaddarsa kullum a goge, turarensa yana riga shi shiga zaure. Inna ta ɗauke shi ɗa tun ranar da ya kai ta asibiti cikin ruwan sama. Da aka rufe tabki bana, shi ya je wa Hajiya Zulai da cewa zai riƙa kawo mata kifin kiwo daga tsallaken iyaka, har da takarda mai hatimi. Hajiya ta yi ta sa masa albarka. Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi a raina.

Makon jiya ne abin ya fara. Ina wanke karfasar da ya kawo, sai na ji warin laka. Ni 'yar masunci ce, da warin kifi aka yaye ni. Kifin kiwo cikinsa fari ne, da kitse, yana warin dusar da ake ba shi. Wannan kuwa bayansa baƙi wuluk, jikinsa a murɗe. Na matse bakin ɗaya na buɗe, sai ga ƙwai cike da bakin. Uwa ce aka kama tana goyon 'ya'yanta a baki, a daidai watan da Baba ya yi shekara uku yana roƙar mata.

Na rubuta masa saƙo nan take.

"Kifin nan na yau, daga ina?"

"Daga inda na saba mana, ranki shi daɗe."

"Da ƙwai a bakinsa. Kuma yana warin tabkinmu."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can ya turo hoton fuska mai dariya, da kalma huɗu: "Hancinki ya cika aiki."

Na ce masa in na sake ganin irinsa, Hajiya zan faɗa wa. Ni kuwa, sakarya, har na kwanta ina jin daɗi wai na ja masa kunne.

Yau Alhamis da hantsi Illo ya iso. Hadari ya taru ta gabas tun safe, bai zuba ba, bai watse ba, iska ta tsaya cak har ganyen darbejiya ba ya motsi. Ina sanye da atamfata mai ruwan ƙasa da farin mayafi, na ɗaura zanen aiki a kai. Ya sauke akwatin ƙanƙara biyu a ƙofar madafa da kansa, ya gaishe da Iya Ɗelu mai girkinmu har da rusunawa.

Na buɗe akwatin. Da can a watse yake kawo kifin cikin ƙanƙara. Yau an jera shi biyar biyar, an zura kaba ta kunnuwansu an ɗaure. Na sa hannu na ɗago jeri ɗaya.

Sai in yi muku bayani, ku 'yan birni. A bakin tabkinmu kowane masunci da irin ƙullinsa. In jirage sun fito an zube kifi wuri ɗaya, da ƙullin kabar ake gane na wane da na wane, ba a taɓa musu a kai. Baba bahago ne. Ƙullinsa yana juyawa ta hagu, da kunnuwa biyu a tsaye, sannan a mayar da wutsiyar kabar ciki. Kunnen zomo ake ce masa. Duk Madarumfa, daga mai sayar da kifi a kasuwa har ma'aikatan ruwa da daji, ba wanda bai san na Malam Ilyasu ba ne.

Shi ne a hannuna. Na ɗago na biyu, shi ne. Na uku ma shi ne.

"Ɗaga shi sama kaɗan," in ji Illo.

Kafin in ɗago kai ya riga ya ɗauke ni hoto da wayarsa. Ya duba, ya yi murmushi.

"Kin yi kyau. Sai na zo gida da la'asar."

Ya shiga motarsa ya tafi. Iya Ɗelu ta matso tana goge hannu da bakin zane, ta ƙura wa kabar ido. Tsohuwa ce da ta shekara talatin tana soya kifi a kasuwa kafin Hajiya ta ɗauko ta.

"Ƙullin ga kamar na san shi," ta ce.

"Iya, kaba duk kaba ce."

Ta dube ni, ta dubi kifin, ta koma wajen albasarta. Na kwashe jerin nan duka na zuba a firigo, wato firjin da ke ɗakin ajiya, na rufe ɗakin, na zare mabuɗin. Na ɗaure shi a bakin zanena.

Allah Ya yafe min abin da ya fara zuwa raina. Baba na zarga. Mutumin da bai taɓa ci da haƙƙin kowa ba, na tsaya a ƙofar madafa ina lissafa masa laifi: shekaranjiya ya fita tun kafin kiran assalatu, jiya na ga laka a takalminsa, kuma Inna ta fara maganar gadon ɗakina da katifa alhali tabki a rufe yake. Na ce wa Hajiya kaina na ciwo, na hau kabukabu, amma ban sauka a gida ba. Na ce wa mai babur ɗin ya kai ni mashigar jirage.

Kwalekwalen Baba yana nan a kife inda muka ja shi ranar rufe tabki, ƙarƙashin tsamiya. Na durƙusa na leƙa. Ciyawa ta tsiro ta kewaye bakinsa, gizo ya yi saƙa daga wannan gefe zuwa wancan, wata kaza ma ta yi ƙwai huɗu a ciki. Katakon ya bushe har ya fara tsagewa. Jirgin nan bai ga ruwa ba tun ranar.

Na zauna a kan saiwar tsamiyar ina kuka, rabi don daɗi, rabi don kunyar zargin da na yi. Tabkin ya cika ya batse, ya yi baƙi saboda hadarin, ba jirgi ko ɗaya a kansa, sai balbelu a kan itatuwan da ruwa ya ci. Na tsinko wata busasshiyar kaba a gefena ina murzawa, ina tambayar kaina: in ba Baba ba, wa? Yayuna biyu na dama ne, sun yi sun yi su koya sun kasa. Duk gidanmu ni kaɗai na gado hagunsa, ni kaɗai na iya.

Na duba hannuna, ashe na riga na ƙulla shi ban sani ba. A nan na tuna.

Da sallar layya ne. Muna zaune a dakalin ƙofar gida ni da Illo, hira ta ƙare, kunya ta hana ni kallonsa, sai nake wasa da kabar tabarma. Ya ce, "Mi ne ne wannan kike yi?" Na ce ƙullin Babana ne, ba mai iya shi. Ya ce, "Ni ma?" Na ce har kai. Ya miƙo hannu. Wallahi ni na kama yatsunsa na juya masa su ta hagu, sau nawa yana ɓatawa ina yi masa dariya, ina ce masa ɗan kasuwa sai ƙirga buhu. Sai da ya iya kafin ya tashi. Ya sa shi a aljihun gaba ya ce zai ajiye don tunawa da ni. Ranar ban yi barci da wuri ba saboda daɗin maganar.

To kun ji. Ba wanda ya sace ƙullin Baba, ni na bayar da shi, ina dariya.

Da na isa gida na tarar Inna ta share tsakar gida har ta yayyafa ruwa. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, ta dama fura da nonon da take ɓoye wa baƙi, ta kunna turaren wuta. A kan gadona ta ajiye min leshina mai ruwan hoda da ɗankunnen da ya kawo min daga Maraɗi.

"Maza ki watsa ruwa, warin kifi kike," ta ce. "Kawunnansa sun aiko. Suna son a sa rana bayan girbi."

"Inna, ni ban ce na shirya ba."

"Wata takwas, Zahara'u. Mi kike jira, a sauko miki da wani daga sama? Sa'o'inki duk da goyo. Yaron ga bai sha, bai caca, bai taɓa shigowa gidan ga hannu wofi ba. In akwai aibin da kika gani, faɗi in ji."

Na buɗe baki. Sai na hango Baba a gindin darbejiya yana ɗinkin tarunsa, tabarau a karan hanci, yana gyaran abin da sai nan da wata guda zai jiƙa. Na rufe bakina na ɗauki bokiti.

Illo ya zo bayan la'asar cikin shadda ruwan toka, da kwalin sukari da lemu na Inna. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Baba. Muka zauna a zaure, shi a kan tabarma, ni a bakin ƙofa na ja mayafi. Ban jira ya sha furar ba.

"Wa ke kamo maka shi?"

"Mutane. Masu iyali, waɗanda Baba ya ce su ci iska wata uku."

"Kai ka ɗaure su da ƙullin nan."

"Ke kika koya min." Ya zaro kaba ɗaya daga bakin sabuwar tabarmar Inna, ya fara juya ta a hankali. "Kuma kin iya koyarwa."

"Mi Baba ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi min. Ina ganin girmansa, shi ya sa ma nake son ki rufa masa asiri." Muryarsa ƙasa ƙasa, irin wadda yake faɗa min kalaman so da ita. "Ke kika ce za ki kai ni wurin Hajiya. To ki kai. Za ta buɗe firigo, mi za ta gani? Sunana a jikin kabar? Ni direba ne, an ba ni kaya na kawo. Ɗiyar mai ƙullin ce ta karɓa, ga ta nan a hoto tana riƙe da shi."

"Zan ce ni na koya maka."

"Ki ce. Waɗanda aka hana su tabki za su so jin haka. Ɗiya ta fito tana kare ubanta, wa zai yi mamaki?"

Na ji kamar in watsa masa furar a fuska. Ina da baki, kun sani, a unguwarmu ba mai ja da ni. Amma duk abin da ya faɗa haka zai faru. Na san mutanen garinmu. Kafin magariba labari ya kai har garin Gabi, kafin Juma'a an ja kwalekwalen Baba an kai mere, ofishin magajin gari, kamfanin Yamai ya janye baƙinsa, matan lambu su rasa mai sayen tumatir ɗinsu. Kuma shekara mai zuwa ba wanda zai sake yarda a rufe tabki, tunda wanda ya kawo dokar shi ya fara karya ta.

"Mi kake so?" na ce.

"Ki karɓi kaya in na kawo, ki bar shinshina su. Saura wata ɗaya a buɗe tabki, shi ke nan an wuce wurin. Sannan ki bar wahalar da Inna, ta gaji da jira." Ya ja wutsiyar kabar ya mayar ciki, ya ajiye a kan tabarma tsakanina da shi. "Ni fa aurenki zan yi, Zahara'u. Asirin gidanku nawa ne."

Ya sha furarsa har ƙasan kwano, ya yi hamdala, ya leƙa ya yi wa su Inna sallama. Sai da ƙarar motarsa ta ɓace sannan aka fara yayyafi.

Ina zaune ban motsa ba Baba ya shigo zauren zai tafi masallaci. Idonsa ya faɗa kan abin da ke tabarma. Ya sunkuya ya ɗauka, ya matso da shi bakin ƙofa wurin haske, ya juya shi gaba da baya.

Sai ya yi dariya. Rabon da in ji Baba ya yi irin wannan dariyar tun kafin a fara rigimar tabki.

"Ikon Allah. Yaron ga ne ya yi wannan?"

Na gyaɗa kai.

"Yayunki shekara ashirin sun kasa. Dubi yadda ya mayar da wutsiyar, ko ni sai haka." Ya sa shi a aljihu, daidai inda Illo ya sa nasa ranar sallah. "Ɗiyata, ba ni yi miki dole, kin sani. Amma mutumin da ya zauna ya koyi ƙullin tsoho don ya faranta mishi, ki dube shi da kyau."

"Baba…"

"Af, na manta. Hajiya Zulai ta aiko ɗazu. Wai gobe wata mata za ta zo daga kamfanin Yamai, Madam Rashida, mai duba inda kayan abincinsu ke fitowa. Tana son ta ga shugaban masunta, in yi mata bayanin rufe tabki, sannan mu zaga madafa tare in nuna mata bambancin kifin kiwo da namu. Ki ce wa Innarki ta fito min da farar rigata."

Ya saka takalmi ya fita cikin yayyafin yana taka ƙasa a hankali, kafaɗarsa a miƙe.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Hoton ne ya fara shigowa: ni, da farin mayafi, na ɗaga jerin karfasa, kunnuwan zomon nan biyu sun fito tar. Sai saƙo a ƙarƙashinsa.

"Na ji za ku yi baƙuwa da ƙarfe tara. Ki riga kowa zuwa, ki kwance su da hannunki, ki ƙone kabar, ki wanke bakin kifin. In kin yi, na san kin amsa min duka biyun. In kin bari, Baba zai gani a gaban mutane."

Na karanta sau uku. Daga tsakar gida Inna tana kira, tana tambaya wace hula za ta haɗa wa Baba da rigar.

Ku da kuka ce mutumin kirki ne, ga ni ina sauraronku. In na kwance, na zama tasa, ni da bakina, har ranar da ya ga dama. In ban kwance ba, gobe Baba zai buɗe firigon nan cikin farar riga, da hannunsa na hagu. Mabuɗin ɗakin ɗaya ne tak, yana nan a bakin zanena tun hantsi. Sai yanzu da na shafa na ji irin ɗaurin da na yi masa, kunnuwa biyu a tsaye, don ban taɓa iya wani ƙulli ba sai na Baba.